Fina-finan ramuwa kan masu banki: wa ke mutuwa, wa ke komawa gida?



Akwai wani irin fim da ya daɗe yana yawo cikin wayoyin samari, daga kati zuwa kati, daga fada zuwa fada. Labarin kusan guda ne. Wani bawan Allah ya tara ɗan abin da ya tara, masu banki ko masu dillancin hannun jari sun cinye, ya je wajen lauya ba a yi komai ba, sai ya ɗauki mataki da hannunsa. In aka zo wurin da mai kwat da karabat ya fara rawar jiki yana roƙo, za ka ji fada ta ɗauki ihu, har mai shayi ya manta da butarsa bisa gawayi. Mu ma mun kalla, kuma ba za mu ɓoye muku ba, akwai daɗi. Tambayar da ta tsaya mana ita ce daga ina wannan fushin ya fito, kuma in fim ya ƙare wa aka rama wa.

Yawancin waɗannan fina-finai ƴaƴan shekarar 2008 ne. Kafin wannan shekara, a Amurka, an yi ta ba mutane bashin sayen gida ba tare da an duba ko suna da ƙarfin biya ba. Shekara biyu na farko kuɗin ruwa kaɗan ne, bayan haka sai ya yi tsalle. Wanda ya ba da bashin bai damu ba, don ba shi zai jira biya ba: yana sa hannu yana sayar da takardar bashin ga manyan bankunan Wall Street da ke birnin New York. Su kuma su haɗa dubban irin waɗannan takardu wuri guda su sayar wa duniya. Ku ɗauka kamar mai wake ne ya zuba mai ƙwari a ƙasan buhu, ya rufe da tiya biyu na mai kyau, sannan ya kira wanda ake yarda da shi a kasuwa ya buga hatimi cewa wannan buhu lamba ɗaya ne. Masu buga hatimin su ne kamfanoni irin Moody's da Standard & Poor's, kuma mai buhun ne ke biyan su ladan aikin. Da farashin gidaje ya fara faɗuwa bayan 2006, ƙwarin ya fito fili.

Ranar 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe da bashin sama da dala miliyar 600. Dalar Amurka muke nufi fa, kar wani ya lissafa da dalarmu ta tamma biyar. Cikin watan Oktoba majalisar Amurka ta amince da miliyar 700 don ceto bankuna. Kamfanin inshora AIG shi kaɗai an tallafe shi da wajen miliyar 180 na kuɗin gwamnati, sai ga shi a watan Maris 2009 an ji zai raba wa manyan ma'aikatansa miliyan 165 a matsayin tukuici. A lokacin nan miliyoyin iyalai ana fitar da su daga gidajensu, rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin 100 a ƙarshen 2009. Daga baya bankuna sun biya tara, JPMorgan miliyar 13 a 2013, Bank of America sama da miliyar 16 a 2014, amma daga asusun kamfani aka biya, shugabannin suna gidajensu. Cikin manyan ma'aikatan Wall Street, mutum ɗaya aka sani ya shiga kaso kan wannan rikici, Kareem Serageldin na Credit Suisse, wata 30. Bernard Madoff da aka yanke wa shekara 150 a 2009 nasa daban ne, ɗan damfara ne tsantsa, yana biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi, rikicin ne kawai ya tone asirinsa.

To kun ga gurbin da aka bari. Kotu ba ta cike shi ba, sai sinima ta shigo.

Wanda ya fi kowane ɗanye shi ne Assaut sur Wall Street na 2013, wanda Uwe Boll ya shirya, Dominic Purcell na Prison Break ya fito a ciki. Mai gadin motar ɗaukar kuɗi ne, matarsa na jinya, dillali ya zuba ajiyarsa inda ta narke, inshora ta daina biya, aiki ya tafi, gida ya tafi, matar ta kashe kanta. Sai ya ɗauki bindiga ya yi ta harbin masu banki. A ganinmu fim ɗin ba shi da kyau, kuma ba don jinin kaɗai ba. Ya ɓata sama da rabinsa yana tara wa mutumin masifa kan masifa don mai kallo ya yafe masa duk abin da zai biyo baya. Wannan dabara ce mai arha. Cikin waɗanda ya harba ta taga, wa ya tambaya ko wani ƙaramin ma'aikaci ne da shi ma ke bin bashin gida?

Le Casse de Central Park na 2011, da Ben Stiller da Eddie Murphy, na dariya ne. Ma'aikatan wani dogon bene sun ba wani attajiri irin Madoff kuɗin fanshonsu ya cinye, sai suka shirya yi masa sata, suka tarar motar Ferrari da ya ajiye a falo da zinari aka ƙera ta. Kowa ya samu guntun zinari, an tashi lafiya. Sai dai a duniyar gaske ba a cika tarar da motar zinari a falon ɓarawo ba. Kuɗin an riga an raba su ga waɗanda suka shiga da wuri.

Wanda muke so mu daɗe kansa shi ne Comancheria na 2016, sunansa na asali Hell or High Water, aikin David Mackenzie. In ba ku gan shi ba ku nema. Ƴan uwa biyu ne a yammacin Texas, ƙasa busasshiya, garuruwa rabi a mace, ko'ina allon tallar bashi. Uwarsu ta rasu ta bar gona da banki ya riƙe jingina, bashin dala dubu 40 da ƴan kai. An gano man fetur a gonar, kuma bankin na jiran ranar Juma'a ta cika ya karɓe. Ƙanen, Toby, mai hankali ne, bai taɓa laifi ba. Wan, Tanner, tsohon ɗan kaso ne mai zafin kai. Shirin Toby shi ne su yi fashi a ƙananan rassan wannan bankin da kansa, da sassafe, su ɗauki ƙananan takardun kuɗi kawai waɗanda ba a iya bin sawunsu, su binne motar, su kai kuɗin gidan caca a Oklahoma su canza su zuwa cek da sunan bankin. Wato su biya banki da kuɗin banki. Sannan, don rufe baki, Toby ya ba wannan bankin amanar kula da dukiyar gonar da sunan ƴaƴansa, yadda bankin ba zai so a tsananta bincike ba.

Wannan ita ce ramuwar da ta fi kowace wayo cikin duk fina-finan nan, kuma fim ɗin bai bari ka ji daɗinta har ƙarshe ba. A fashi na ƙarshe Tanner ya kashe mai gadi da wani mutum da ya zo bankin. Daga bisani ya harbe Alberto, ɗan sandan da ke bin su, mai iyali, wanda kakanninsa ƴan ƙabilar Comanche ne. Shi Alberto ɗin ne tun farko ya zauna gaban wani reshen banki yana gaya wa abokin aikinsa cewa an ƙwace wannan ƙasa daga kakanninsa da sojoji, yanzu kuma jikokin waɗanda suka ƙwace ana ƙwace musu da takarda. Mutumin da ya fi kowa gane zaluncin, shi ne ya mutu. Tanner ma ya mutu. Manajan bankin kuwa ko ƙwarzane bai samu ba, ya ma samu sabon abokin hulɗa mai rijiyar mai. Ku ƙirga gawarwakin: mai gadi, mai ajiya, ɗan sanda, ɗan fashi. Dukansu mutanen da ke jiran ƙarshen wata ne.

In kun lura da wannan, za ku riƙa ganinsa ko'ina. A Queens na 2019, wanda Jennifer Lopez ta fito, ƴan rawar gidan dare da kasuwarsu ta mutu bayan 2008 suna sa wa mutanen Wall Street ƙwaya a abin sha suna kwashe kuɗin katinsu. Ana tafi, ana dariya, har aka zo kan wani da ba attajiri ba ne, uba mai ɗa marar lafiya, wanda ya rasa aikinsa saboda abin da suka yi masa. Fim ɗin ya samo sama da dala miliyan 150 a gidajen kallo. Fushin talaka ma haja ce, kuma kamfanonin da ke sayar da ita hannun jarinsu a Wall Street ake cinikinsa.

Haka La Casa de Papel, wanda ba sai mun gabatar muku da shi ba, don har yara sun san jan kaya da fuskar Dali. A Sifaniya aka fara nuna shi a 2017, ƙasar da rashin aikin yi ya haura kashi 26 cikin 100 a 2013, na matasa ya wuce rabi. Hujjar Farfesa ita ce ba kuɗin kowa suka sata ba, bugawa suka yi, kamar yadda babban bankin Turai ya ƙirƙiri kuɗi ya ba bankuna ba wanda ya kira shi ɓarawo. Magana ce mai kama hankali. Amma mutum 67 da aka tsare da bindiga kwana da kwanaki, sakatarori da ƴan makaranta, ba su ne suka ƙirƙiri kuɗin ba. Kuma wanda ya kwashe riba a ƙarshe Netflix ne.

Yanzu ga wanda ya taɓa mu, mu masu riƙe makirufo. Money Monster na 2016, Jodie Foster ta shirya. George Clooney ya fito a matsayin Lee Gates, mai gabatar da shirin kuɗi a tele, yana rawa yana barkwanci yana gaya wa mutane inda za su zuba dukiyarsu. Ya taɓa cewa hannun jarin wani kamfani ya fi asusun ajiya aminci. Wani saurayi mai aikin kai kaya, Kyle, ya ji, ya zuba dala dubu 60 da uwarsa ta bar masa, sama da miliyan 30 na sefa. Rana ɗaya kamfanin ya ce ya yi asarar miliyan 800, wai kwamfuta ce ta yi kuskure. Kyle ya shigo ɗakin shiri ana cikin watsawa kai tsaye, da bindiga, ya sa wa Gates rigar bam.

Abin lura, bai fara zuwa wajen mai kamfanin ba. Wajen muryar da ya yarda da ita ya zo. Shi bai san ofishin da aka juya kuɗin ba, bai san lissafin kwamfuta ba, abin da ya sani shi ne mutumin da ke shigowa ɗakinsa kullum yana kiran sa aboki. Duk wanda ke aiki a gidan rediyo a ƙasar nan ya san nauyin wannan. Tsohuwa a ƙauye ba ta raba talla da labari. In ta ji muryar da ke karanta mata sanarwar rasuwa da farashin kasuwa ta ce ga inda za a zuba jikka goma a karɓi ashirin, to rediyo ce ta faɗa. Kuma irin waɗannan masu talla suna zuwa, da kuɗinsu a hannu, a watan da gidan rediyo ke neman na lantarki da na man gurup da albashin yara. Abin da muke tambayar su bai da yawa: ina takardar izininku ta ma'aikatar kuɗi, kuma ribar nan daga wace sana'a take fitowa? Mai gaskiya yakan kawo takarda. Saura sukan ce za su dawo gobe. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga ƙarshen irin wannan da MMM ta Sergei Mavrodi, wadda ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. Baki da baki da waya aka yaɗa ta, ɗan uwa ya jawo ɗan uwa.

A fim ɗin, Gates da mai kula da shirin, Julia Roberts, sai da bindiga ta hau kansu sannan suka yi aikin jarida da ya kamata su yi tun farko. Suka gano ba kuskuren kwamfuta ba ne, shugaban kamfanin ne ya karkatar da kuɗin zuwa wata maƙarƙashiya kan yajin aikin masu haƙar ma'adinai a Afirka ta Kudu. Kyle ya tilasta masa ya amsa a gaban duniya cewa abin da ya yi ba daidai ba ne. Yana jin haka ya saki abin tayar da bam ɗin, ƴan sanda suka harbe shi. Bam ɗin ma na ƙarya ne, laka ce. Sai kyamara ta koma wani wurin shan shayi inda mutane suka tsaya kallo, suka juya suka ci gaba da buga babi-fut ɗinsu. Wannan ɗan guntun ya fi sauran fim ɗin gaskiya.

Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne da ya ba mu mugu guda mai suna da fuska, wanda ya karya doka a fili. A 2008 mafi yawan abin da aka yi doka ba ta hana ba, ko kuma an yi shi yadda ba za a iya ɗora shi kan mutum ɗaya ba. Dillali ya ce shi sayarwa kawai ya yi, mai hatimi ya ce ra'ayi ya bayar, shugaba ya ce bai sani ba. Sinima ba ta iya harbin tsari, dole ta nemo wuyan da za ta shaƙe. Fim ɗaya da ya kauce wa wannan shi ne 99 Homes na Ramin Bahrani, 2014: magini a Florida da aka fitar daga gidansa da uwarsa da ɗansa, aka ba su minti biyu su kwashe kaya, sai ya koma yi wa wanda ya fitar da shi aiki, shi ma yana fitar da wasu, don ya samu na fanso gidansa. Ba a cika son sa a fada ba. Babu wurin tafi.

Akwai inda aka bi ta kotu, kuma ba a yi masa fim ɗin harbi ba. Iceland, tsibirin da mutanensa ba su kai rabin na Yamai ba, manyan bankunanta uku sun faɗi cikin mako guda a Oktoba 2008. Suka naɗa mai gabatar da ƙara na musamman, Olafur Hauksson, wanda a da shugaban ƴan sandan wani ƙaramin gari ne. Shekaru aka yi ana bin takardu ɗaya bayan ɗaya. A 2015 kotun ƙoli ta tabbatar wa shugaban bankin Kaupthing ɗaurin sama da shekara biyar, wasu manyan ma suka bi. Wa zai zauna awa biyu yana kallon mutum na karanta takardun banki? Amma can ne aka rufe mai kwat a kaso ba tare da an binne mai gadi ba.

Mu a nan, karayar da iyayenmu ke tunawa ba ta 2008 ba ce. Ta Janairu 1994 ce, lokacin da aka taru a Dakar, da shugaban FMI Michel Camdessus da ministan Faransa Michel Roussin, aka raba darajar sefa biyu. An kwana faran ɗin Faransa ɗaya yana sefa 50, aka wayi gari yana 100. Mu muna ƙanana, abin da muka riƙe shi ne fuskar manya da maganar tsadar magani da littattafan lakwal, ga ma'aikata na bin gwamnati albashin watanni. Kafin nan, a 1990, bankin BDRN ya riga ya rushe. Wa za ka ɗauki bindiga ka nema? Wanda ya sa hannu, ko wanda ya matsa a sa, ko waɗanda suka ci bashin banki ba su biya ba?

Ɗan Senegal Djibril Diop Mambéty ya amsa ta wata hanya da Hollywood ba ta bi ba. A Hyènes na 1992, wato kuraye, wata mata, Linguère Ramatou, ta dawo garinsu Colobane da dukiyar da ake cewa ta fi ta Bankin Duniya. Tana budurwa wani ya yi mata ciki, ya sayi shaidun ƙarya, aka kore ta. Yanzu mutumin, Dramaan Drameh, mai kanti ne da kowa ke so. Ta ce za ta ba garin dukiya mai yawa in an kashe shi. Mutanen gari suka ce Allah ya kiyaye, su masu mutunci ne. Sai kuma aka fara ganin su da sababbin takalma, da firji, da fanka, duk bashi, wasu ma a kantin shi Dramaan ɗin suke ci. Yana tsaye bayan kanta yana rubuta bashin da ya san da ransa za a biya. A nan mai ramuwar ita ce mai kuɗin, kwaɗayin kuma yana cikin jama'ar gari, irin mu masu kallo. Shi ya sa ba a ihu in ana kallon sa.

Bayan karya sefa ya sake yin wani gajere, Le Franc, 1994. Wani makaɗi ne, Marigo, mai gidan haya ta ƙwace kayan kiɗansa saboda bashin haya. Ya sayi tikitin loto, don kar ya ɓata ya manna shi da gam a ƙofar ɗakinsa. Tikitin ya ci, ya ƙi ɓantaruwa. Sai ga mutum ya cire ƙofa ya ɗora a ka, yana ratsa Dakar da ita har bakin teku don ruwa ya saki takardar.

Muna so mu ji daga waɗanda suka ga Janairu 1994 da idonsu, musamman ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Birnin Ƙonni da ke juya sefa da naira a lokacin, da malaman lakwal da ma'aikatan asibiti. Nawa kuke sayen buhun shinkafa kafin ranar, nawa ya koma bayan mako guda, wa ya yi asara, wa kuma ya wayi gari da riba don kuɗinsa na waje? Za mu buɗe layi a shirinmu na gaba in Allah ya kai mu. Wanda ba ya son a ji muryarsa ya turo saƙo, za mu karanta ba tare da suna ba.